Maigidan da Iyalinsa Ba Su San Sana'arsa Ba

A farkon fim ɗin True Lies, wanda James Cameron ya shirya a 1994, akwai wata 'yar gajeriyar fitowa da ta fi duk fashe-fashen da ke cikinsa tsaya mini a rai. Harry Tasker ya dawo daga Suwizalan, inda ya kutsa wani gidan liyafa, ya kwashi bayanan sirri, ya tsere a cikin ƙanƙara ana yi masa ruwan harsashi. Mota ta tsaya a ƙofar gidansa cikin dare. Kafin ya sauka sai abokin aikinsa Gib ya shiga miƙo masa kayan komawa gida: fasfo mai sunansa na gaskiya, takardun otal da za su nuna taron 'yan kasuwa ya je, da tsarabar 'yarsa wadda ba ma shi ya zaɓa ba. Har ya kama hanya Gib ya kira shi ya miƙa masa zoben aurensa. Ya zura, ya shiga gida, ya kwanta kusa da matarsa Helen, wadda ta sakankance cewa mijinta dillalin kwamfuta ne.

Arnold Schwarzenegger ne ya fito a Harry, mutumin da yawancinmu muka fi sani da Kwamando tun zamanin gidajen kallo. Labarin kansa ba a Amurka aka fara ƙirƙirarsa ba, an aro shi ne daga wani fim ɗin Faransa mai suna La Totale! na Claude Zidi, wanda ya fito a 1991. Amma bayan da True Lies ya samu karɓuwa, sai wannan zubi ya zama hanyar da masu fim ke bi suna komawa. A 2005 Brad Pitt da Angelina Jolie suka fito a Mr. & Mrs. Smith, miji da mata duk 'yan ina-da-kisa ne, kowa yana yi wa ƙungiyarsa aiki, kowa yana ɓoye wa ɗan'uwansa. A 2021 Bob Odenkirk ya fito a Nobody. A Disamban 2023 Mark Wahlberg ya fito a The Family Plan a matsayin Dan Morgan, mai sayar da motoci a garin Buffalo, uban 'ya'ya uku, wanda ya taɓa zama makashin da ake ji da shi. Wata guda bayan haka aka saki Role Play, inda aka juya lamarin: matar ce, Kaley Cuoco, ke kisa a ɓoye, mijin kuma, David Oyelowo, bai san dawar garin ba. Indiyawa ma sun shiga sahu da shiri mai dogon zango The Family Man, wanda ya fara a 2019, inda Manoj Bajpayee ya fito a jami'in leƙen asiri da ke fama da 'yan ta'adda a waje da ƙorafin iyali a gida.

Ina son finafinan nan, kuma na san abin da ke ba mu dariya a cikinsu. Mutum yana kokawa da wanda ya zo kashe shi a cikin kantin sayayya, ga jaririnsa ɗaure a ƙirji, kamar yadda Dan Morgan ya yi. Jane Smith, wadda Angelina Jolie ta fito a matsayinta, tana ɓoye wuƙaƙe da bindigogi a ƙarƙashin tanda, mijinta ya ɓoye nasa a ƙarƙashin ɗakin ajiya na bayan gida, sannan ƙarfe bakwai na yamma su zauna cin abinci suna gardama a kan labulen falo. Mai kallo ya san abin da matar ko mijin bai sani ba, wannan sanin ne ke sa shi nishaɗi. Sai dai nishaɗin yana da farashi, domin tun daga minti na farko an ajiye mu a ɓangaren maƙaryacin. Da shi muke fargaba kada asiri ya tonu, da shi muke ajiyar zuciya idan ya sha. Wanda ake yi wa ƙaryar kuwa ya zama abin dariya, alhali laifinsa kawai shi ne ya yarda da mutumin da ya aura.

A tsakiyar True Lies ne wannan ya fito fili, kuma ina ganin ya kamata a kalli wurin a tsanake. Helen ta gaji. Mijinta ba ya nan ko da yana nan. Ranar zagayowar haihuwarsa ita da 'yarsu sun shirya masa abinci sun jira har dare bai zo ba. Ana cikin haka sai wani dillalin tsofaffin motoci mai suna Simon ya fara yaudararta da cewa shi ɗan leƙen asiri ne, yana neman taimakonta. Ta soma haɗuwa da shi a ɓoye, ba don son shi ba, sai don a karon farko cikin shekaru wani ya nuna mata tana da amfani. Da Harry ya ji ƙishin-ƙishin, me ya yi? Ya sa aka riƙa sauraren wayarta, ya dasa mata na'ura a jaka, ya karkatar da jami'ai da jirgi mai saukar ungulu na hukuma suka bi sawunta, aka kamo ta an rufe mata fuska. Ya zaunar da ita a wani ɗaki ita kaɗai, shi yana bayan gilashin da ba ta ganinsa, ya sauya muryarsa da na'ura, yana tuhumarta ko ta ci amanar mijinta. Tana kuka tana ba da amsa. Bai tsaya nan ba, ya tilasta mata zuwa otal ta yi rawa a gaban wani baƙo da ke zaune cikin duhu, baƙon kuwa shi ne da kansa.

Mutumin da ya yi wa matarsa ƙarya tun kafin a ɗaura musu aure, shekara goma sha bakwai yana aikin da ba ta sani ba, shi ne ya kasa jure ɓoyon kwanaki kaɗan daga gare ta. Fim ɗin ya shirya wurin don a yi dariya, kuma Jamie Lee Curtis, wadda ta fito a Helen, ta taka rawar da gwaninta har ta samu kyautar Golden Globe. Amma idan aka cire kiɗan da raha, abin da ya rage shi ne miji yana amfani da ƙarfin hukuma yana tsorata matarsa. Kuma wannan hali ba a fim ya tsaya ba. Wanda ya saba ɓoye-ɓoye shi ya fi kowa zargi, saboda ya san iya nisan da ƙarya ke iya tafiya ba a gano ta ba, tunda shi ya kai ta can.

Daga baya, lokacin da abokan gaba suka kama su biyun suka yi wa Harry allurar da ke sa mutum faɗin gaskiya, Helen ta tambaye shi ko ya taɓa kashe mutum. Ya amsa cewa ya kashe, amma ai duk mugaye ne. Da wannan amsa guda aka sallami maganar. Dole ne kuwa fim ya mai da su mugaye marasa fuska, in ba haka ba dariya ba za ta yiwu ba. A True Lies an zaɓi Larabawa Musulmi aka zana su a matsayin mahaukatan 'yan ta'adda, abin da ya sa ƙungiyoyin Larabawan Amurka suka yi zanga-zanga a lokacin, kuma suna da gaskiya. A sauran finafinan akan yi amfani da 'yan daban Rasha ko tsofaffin abokan aikin jarumin. Ba a taɓa nuna mana matar ɗaya daga cikin waɗanda aka kashe tana jiran mijinta da abinci ba.

Yadda ake samo wa maigidan gafara ma iri ɗaya ne kusan a ko'ina. Asiri ya tonu, matar ta fusata, ta ce ba ta san wanda ta aura ba. Kafin fushin ya nuna sai maharan su diro. Yanzu ba lokacin magana ba ne, lokacin gudu ne da harbi. Mijin ya nuna bajinta, ya ceci 'ya'ya, matar ita ma ta ɗauki makami, daga nan sai a tarar an shirya ba tare da an zauna an yi maganar ba. An manta cewa shi ya jawo maharan gidan tun farko. Dan Morgan ya kwashi iyalinsa a mota daga Buffalo zuwa Las Vegas da sunan yawon hutu, ya raba su da wayoyinsu, ya tanadar musu fasfo da sababbin sunaye, ya yanke musu hukuncin barin rayuwarsu gaba ɗaya ba tare da ya shawarci ko ɗaya daga cikinsu ba. A ƙarshen True Lies kuwa Helen ta zama abokiyar aikin Harry, suna rawa tare a wurin wani sabon aiki. Wato maganin ƙaryar shi ne a shigo da matar cikinta, su taru su yi wa sauran duniya.

Mr. & Mrs. Smith ya ɗan fi sauran gaskiya a nan, shi ya sa nake ganin ya fi su daɗewa a bakin mutane. An buɗe shi da ma'auratan zaune gaban mai ba da shawara kan aure, sun kasa ma daidaitawa kan shekara biyar suka yi ko shida. Bayan sun farfasa gidansu da harbi, sai suka shiga furta wa juna abubuwa ɗaya bayan ɗaya: shi ya taɓa aure kafin ita, ita kuma uban da ta gabatar ranar biki ɗan wasa ne da ta biya, abincin da yake ci duk tsawon shekarun ba ita ke dafawa ba. Abin lura shi ne waɗannan ƙananan ƙaryayyakin sun fi yi musu ciwo fiye da sanin cewa kowannensu makashi ne. Marubucin ya gane cewa abin da ke ƙona wanda aka yaudara shi ne komawa baya yana bin kowace rana da suka yi tare yana tambayar kansa wacce ce ta gaskiya.

Nobody kuma wata matsalar ya fito da ita. Hutch Mansell ya bar aikin kisa ya zama ma'aikacin ofis, kullum motar shara tana wuce shi, kullum hanya ɗaya. Ɓarayi suka shigo gidansa, ya samu damar bugun ɗaya da sandar golf amma ya ƙyale su suka tafi ba a zubar da jini ba. Ɗansa ya raina shi, maƙwabci ya yi masa gori. Bai dawo da martabarsa a idon iyalinsa ba sai da ya kakkarya mutane a cikin motar bas, faɗan da ya jawo masa 'yan daban Rasha har gidan ya tashi a wuta. Saƙon da ke ƙasa shi ne uban da ke fita da safe ya dawo da yamma, ya biya kuɗin makaranta, ya haɗiye fushinsa, bai cika namiji ba sai an ga jini a hannunsa. Ni ban yarda da wannan ba ko kaɗan. Daren da Hutch ya sauke sandar nan shi ne daren da ya fi kare iyalinsa a duk fim ɗin.

Duniya ta ga irin waɗannan magidanta a zahiri, kuma labarinsu ba ya ba da dariya. A Disamban 1986 aka kama Richard Kuklinski kusa da gidansa a garin Dumont na jihar New Jersey. Maƙwabta sun san shi a matsayin ɗan kasuwa mai mata da 'ya'ya. Kotu ta same shi da laifin kisan mutane, ya mutu a tsare a 2006, bayan ya yi ta iƙirarin kashe-kashe masu yawa da masu bincike suka yi shakkar da dama daga ciki. An yi fim a kansa a 2012, The Iceman, inda aka nuna shi yana tattalin iyalinsa. Amma matarsa ta faɗa a hirarraki cewa yana dukanta, kuma gidan a cikin tsoronsa yake. Zalunci ba takalmi ba ne da mutum zai tuɓe a bakin ƙofa ya shiga ɗaki da ƙafa mai tsabta. A nan ne finafinan suka fi yin nisa da gaskiya, da suke nuna mana mutum zai iya kashe rai da rana ya dawo da dare zuciyarsa na nan da taushinta.

Ko da mai ɓoyon yana ganin aikin ƙasa yake yi, ɓarnar ba ta raguwa. A Birtaniya an gano cewa wasu 'yan sandan ciki na rundunar Landan, waɗanda aka tura su saje da ƙungiyoyin masu fafutika, sun ƙulla soyayya ta shekaru da matan da ke cikin ƙungiyoyin, da sunayen bogi, wasu sunayen ma na yaran da suka rasu ne. Ɗaya daga cikinsu, Bob Lambert, ya haifi ɗa da wata mata a shekarun 1980, alhali yana da iyalinsa a wani wuri, sannan ya ɓace yaron yana ƙarami. Sai a 2012 matar ta gane ko wane ne, da ta ga hotonsa a jarida. A 2014 rundunar ta biya ta diyyar fam 425,000, a 2015 kuma ta fito ta nemi gafarar wasu mata bakwai, gwamnati ta kafa kwamitin bincike. Babu maharan da suka zo a ƙarshe don mijin ya nuna bajinta a yafe masa. Mata ne da suka wayi gari suka tarar shekarun ƙuruciyarsu sun tafi a kan mutumin da ko sunansa ba su sani ba.

Mu a nan ba mu da maƙwabcin da ke ɓoye bindiga a ƙarƙashin tanda yana tafiya Suwizalan, amma gidan da ba a san sana'ar maigida ba ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Mace ta shekara goma a ɗakinta, a tambaye ta me mijinta ke yi, ta ce yana 'yan buge-buge, ko harka yake a Abuja. Idan ta kuskura ta tambaye shi, ya ce me ta nema ta rasa. Nasihar da ake yi wa amarya ranar kai ta, ta yi haƙuri ta rufa wa mijinta asiri, nasiha ce mai kyau, kuma gidaje da yawa da ita suke tsaye. Amma ai mutum ba ya rufe asirin da bai sani ba. An yi nufin ta san halin da mijinta ke ciki, samu da rashi, ta adana shi a tsakaninsu. Wasu mazan sun juya nasihar ta koma kada ta tambaya sam.

Ba ina cewa kowane magidanci ya zazzage wa iyalinsa duk abin da ke aljihunsa da ofishinsa ba ne. Soja ba zai faɗi inda za a kai farmaki ba, likita ba zai faɗi cutar maras lafiyarsa ba, alƙali ba zai kawo shari'a gida ba. Amma matar soja ta san soja ta aura, ta san abin da take wa addu'a idan ya fita, ta kuma zaɓi zaman da idonta a buɗe. Abin da Harry Tasker ya ƙwace wa Helen shi ne wannan zaɓin. Haka wanda ya ajiye wata matar a wani gari bai faɗa ba, sai ranar zaman makoki a ga baƙuwa ta shigo da yara masu kama da mamacin, a shiga rikicin gado da zai raba zumunci. Addini ya halatta masa ƙarin auren, to me ya kai shi ɓoyewa, ya bar marayu su fara sanin 'yan'uwansu a gaban alƙali? Haka wanda bashi ya yi wa katutu yana ta kawo cefane kamar ba komai, har ranar da masu bin bashi suka yi sallama. Mafi muni kuma shi ne abin da yankunan da ke fama da 'yan bindiga suka sha gani, a kama mai kai wa masu garkuwa bayanai a tarar ɗan gari ne, yana da mata da 'ya'ya, ana sallah sahu ɗaya da shi. Kuɗin da ya shiga tukunyar gidan nan kuɗin fansar maƙwabci ne, yaran sun ci ba su sani ba.

Iyayenmu sun tanadi kariya daga wannan, wato binciken da ake yi kafin a ba da 'ya: asalinsa, halinsa, da sana'arsa. Akan tura mutum har rumfar kasuwar da ya ce yana zama, a tambayi waɗanda suke hulɗa da shi. Yau a gidaje da yawa motar da ya zo da ita da yawan akwatunan lefe sun isa amsa. Waliyyin da ya ji nauyin tambayar saurayi inda yake samun kuɗi ya bar wa 'yarsa tambayar, ita kuma an riga an ce mata kada ta yi.

Wuri ɗaya da finafinan suka faɗi gaskiya ba tare da sun tsaya a kai ba shi ne 'ya'ya. Dana, 'yar Harry, ta karɓi tsarabar Suwizalan ta jefa a kwandon shara, kuma a safiyar aka gan ta tana zarar kuɗi daga rigar Gib. Kyle, ɗan Dan Morgan, ya yi suna a wasannin kwamfuta na intanet da wani laƙabi, a ɓoye, bayan uban ya hana shi. Ba wanda ya zaunar da su ya koya musu, sun tashi ne a gidan da ake da fuska biyu suka ɗauka haka ake zama. Kuma idan gaskiya ta fito, su ne ba su da inda za su koma, domin matar tana iya cewa a raba auren, ɗa kuwa ba ya sauya uba.

A ranar 1 ga Agusta, 2024, an yi musayar fursunoni tsakanin Rasha da ƙasashen Yamma. Cikin waɗanda aka mayar Rasha akwai Artem Dultsev da matarsa Anna, 'yan leƙen asiri da aka kama a Silobeniya suna zaune a matsayin 'yan Ajantina, da 'ya'yansu biyu, mace da namiji. Yaran sun tashi da harshen Sifaniyanci, ba sa jin Rashanci. Kakakin fadar Kremlin ya bayyana cewa sai a cikin jirgi, a hanyar Mosko, suka ji cewa su Rashawa ne. Da suka sauka Vladimir Putin ya tarbe su da gaisuwa cikin Sifaniyanci, daga baya yaran suka tambayi iyayensu wane ne mutumin da ya gaishe su.